Randa a Bakin Ƙofa: Sharhi Daga Birnin Alkahira

Iyayenmu da ke zaune a zaure, iyayenmu mata da ke tsakar gida, direban da ya kunna rediyo a kan hanya, da mai shagon da ke jiran ciniki, ina gaishe ku baki ɗaya. Yau daga birnin Alkahira na ƙasar Masar nake magana da ku. Zancen namu kuwa na taimakon juna ne.

Bari in fara da ruwan sha.

Duk wanda ya taɓa yawo a ƙafa cikin Alkahira a watan Yuli ko Agusta ya san abin da ake kira ƙishirwa. Rana tana dukan ka daga sama, kwalta tana gasa ka daga ƙasa. Amma da wuya ka yi tafiya mai nisa a tsofaffin unguwanni ba ka ci karo da ruwa ba. A ƙofar wani shago za ka ga 'yan tuluna na yumɓu jere a kan ƙarfe. A jikin wani masallaci za ka ga na'urar sanyaya ruwa, da moɗa ɗaure da sarƙa. Wani lokaci an rubuta sunan mamaci a jiki, ana roƙon wanda ya sha ya yi masa addu'a. Ba mai gadi. Ba mai tambayar ka ɗan ina ne. Ka sha, ka yi hamdala, ka kama gabanka.

Wani ne ya sayi tulun nan. Wani ne yake tashi kullum ya wanke shi, ya cika shi. Ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba.

Wannan ita ce maganata a yau, kuma za ku ji ina maimaita ta. Taimakon da yake riƙe gari shi ne ɗan kaɗan da ake yi kullum, a wurin da mabuƙaci ya san zai same shi, ba sai ya buɗe baki ya roƙa ba. Ɗan kaɗan, kullum, ba sai an roƙa ba.

Mu ma ai mun san wannan. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ya san randar da ake binnewa a ƙofar gida ko a gindin bishiya kusa da masallaci, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Zan dawo kan tamu randar. Amma da farko bari mu koma baya, mu ga inda ta Alkahira ta samo tushe.

A zamanin da, babu famfo a wannan birni. Tsohon garin yana da 'yar tazara da Kogin Nilu, rijiyoyinsa kuma ruwan zartsi gare su. Masu ga-ruwa ke ɗauko ruwan kogi a salka, bisa raƙuma da jakuna, su bi gida-gida suna sayarwa. Mai kuɗi ya saya. Talaka fa? Baƙo fa? Sai masu hali suka riƙa gina abin da ake kira sabil. Ɗaki ne a bakin titi, da babbar matattarar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, da tagogin tagulla inda mai wucewa zai miƙa hannu a ba shi ruwa kyauta. A saman benen kuma makarantar allo ce, yawanci ta marayu. Ruwa a ƙasa, karatu a sama. Har gobe wanda ya bi titin Mu'izz zai ga sabil ɗin da Abdurrahman Katkhuda ya gina a 1744, yana tsaye daidai inda hanya ta rabu biyu.

Ku lura da wani abu a nan. Mai ginin ba ya tsayawa a gini kawai. Yakan ware shaguna, ko gida, ko gona, ya mai da su wakafi, wanda malamanmu ke kira hubusi. Ya sa a rubuta a gaban alƙali: kuɗin hayar nan a sayi ruwa da shi, a biya mai shayarwa, a biya malami, a ɗinka wa marayu tufafi. Mutumin ya san zai mutu. Ya kuma san ƙishirwa ba za ta mutu ba. Don haka ya nema wa alherinsa abin da zai ci gaba da ciyar da shi bayan ba ransa. A wannan titi dai akwai asibitin da Sarki Ƙalawun ya fara ginawa a 1284, shi ma a kan hubusi ya tsaya, ana duba marar lafiya ana ba shi magani ba a karɓi ko anini ba. Har yanzu akwai asibitin ido a harabar wurin mai ɗauke da sunansa.

To, yanzu ku matso kusa, domin zancen ya iso gida.

Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ba da labarin wata makaranta da ake kira Madrasar Ibn Rashiƙ, a tsohon garin Fusɗaɗ da yanzu yake cikin Alkahira. Su wa suka ba da kuɗin gina ta? Mutanen Kanem ne, na bakin Tafkin Chadi, kakannin 'yan'uwanmu Barebari. Sun zo wucewa aikin Hajji bayan shekara ta 640 ta Hijira, wato wajen 1242 zuwa gaba kaɗan, a zamanin Mai Dunama Dabbalemi. Suka miƙa wa wani alƙali Bamalike mai suna Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina makaranta, ya zauna yana karantarwa a ciki. Ba su ba da sau ɗaya suka kakkaɓe hannu ba. Maƙrizi ya ce a yawancin shekaru sukan aiko da kuɗi daga can ƙasarsu. Kusan shekara 90 bayan gina ta, wani marubucin, Al-Umari, ya rubuta cewa ayarin mutanen Kanem a nan suke sauka in sun zo Masar.

Ku yi tunanin nisan, jama'a. Watanni ake yi a bayan raƙumi kafin a ratsa Sahara. Wanda ya zuba dukiyarsa a wannan aiki wataƙila bai sake ganin Masar ba har ya koma ga Allah. Amma ya san akwai wani yaro da ba a ma haifa ba tukuna, wanda wata rana zai iso bakin Nilu da kaushi a ƙafa, ba ya da kowa. Don wannan yaron aka yi ginin.

Shi dai wannan Al-Umari shi ne ya ba mu labarin wani baƙon da ya fi su suna. Mansa Musa, sarkin Mali, ya shigo Alkahira a 1324. Ya raba zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, kuma shekara 12 bayan tafiyarsa mutanen gari ba su daina zancen ba. A kan hanyarsa ta komawa sai da ya ci bashi a hannun attajiran Masar. Ba na rage wa Mansa Musa daraja. Kyauta ya yi, Allah ya saka masa, kuma da ya koma gida ya gina masallatai, na Timbuktu yana nan tsaye har yau. Amma in ka tambaye ni wanne ne ya fi amfanar ɗan ƙasarmu da ya iso Alkahira shekara 50 bayan haka, ba zan yi shakka ba. Zinariyar ta riga ta watse a hannuwa. Makarantar mutanen Kanem kuwa ƙofarta a buɗe take. Ɗan kaɗan, kullum, ba sai an roƙa ba.

Daga nan sai mu shiga Masallacin Azhar, wanda aka fara salla a cikinsa a shekara ta 972. Shekaru aru-aru ɗaliban da suka zo daga nesa a cikin masallacin suke kwana, kowace al'umma da sashenta, wanda ake kira ruwaƙi. Akwai na Turkawa, akwai na mutanen Magrib, akwai na mutanen Sham. Akwai kuma ruwaƙin Barnawa, da wani na mutanen Takrur. Ɗalibi yana da rabonsa na gurasa daga hubusin da bayin Allah suka bari. Gurasa ce kawai, 'yan'uwa. Amma a kan wannan gurasar manyan malamai suka yi karatu.

Ina da wani labari da nake so kowane Bakatsine ya riƙe. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi mutumin Katsina ne, masanin lissafi da ilimin taurari. Ya tafi Hajji, daga baya ya zauna a Alkahira. Yana da littafi a kan lissafin hatimi da ya kammala a 1732, wanda masana lissafi na ƙasashen Turai suke ambato har yau. A gidan wa ya ƙare rayuwarsa? A gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malami na wannan birni. A nan ajali ya same shi a 1741. Kafin ya cika, ya bar wa mai masaukin nasa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ba a ma haife shi ba a lokacin. Da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, sai ya sa tarihin wannan Bakatsine cikin littafinsa. Ta nan muka san yawancin abin da muka sani game da shi.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne asalin masu gidan. Kakannin Jabarti su ma baƙi ne. Daga yankin Habasha suka zo, kuma gidansu ne ke riƙe da shugabancin ruwaƙin mutanen Jabarti a Azhar. Jikan baƙo ne ya sauki baƙo. An buɗe wa kakansa ƙofa, shi ma ya buɗe wa namu. Da ya rufe ƙofar nan, wa ya san inda littattafan za su ƙare, wa ya san ko sunan malamin zai iso kunnenmu?

To, wannan tarihi ke nan. Wani zai ce, Malam, ai da ke nan, mutanen da daban ne. Bari mu sauko titin Alkahira ta yau, birnin da shi da kewayensa suka haura mutum miliyan 20.

Shiga ƙaramar motar haya, irin wadda ba ta da yaron mota. Kana can kujerar baya. Ka miƙa kuɗinka ga na gabanka, shi ya miƙa wa na gabansa, har ya isa hannun direba. Sau da yawa wani fasinja ne zai ɗauki nauyin tara kuɗin layinsa, ya yi lissafi, ya raba canji. Canjinka ya biyo hannuwan nan ya dawo maka cif. Ba wanda ya naɗa shi, ba wanda zai biya shi. Ɗaga kanka sama a unguwannin talakawa. Za ka ga kwando yana saukowa da igiya daga hawa na huɗu ko na biyar. Wata tsohuwa ce da gwiwa ba ta barin ta sauka. Mai kayan miya ya zuba mata tumatir, ko wani yaro mai wucewa ya ruga ya sayo mata gurasa, ta ja kwandonta sama. Misirawa suna da kalmar yabo ga mutumin da ba ya ganin wani cikin matsala ya wuce. Suna ce masa gada'. Mu za mu ce ɗan halas, mai tsaya wa mutane.

Suna yin adashi kamar yadda muke yi, suna kiransa gam'iyya. Ma'aikata a ofis, matan bene ɗaya, har 'yan makaranta. Da shi ake kayan ɗakin amarya, da shi ake biyan kuɗin makaranta. In wani a cikinsu ya shiga matsi, sai a ba shi kwasar farko. Hajiya uwar adashi da ke saurare na a Zariya ta san wannan sarai.

In azumi ya kama kuwa, sai ka ga abin da ake kira teburan Rahman. Kafin magariba an jera tebura da kujeru a bakin titi, a ƙarƙashin gada, a ƙofar masallaci. Ɗan sanda, mai shara, direba, ɗalibi daga Sakkwato, duk tebur ɗaya. Samari suna tsayawa a mahaɗar hanyoyi suna miƙa wa masu motoci dabino da ruwa ta taga. A unguwar Shubra har Kiristoci Kibɗawa suna shimfiɗa wa maƙwabtansu Musulmi teburin buɗa-baki. A Maɗariyya kuma, a wani lungu da ake kira Izbat Hamada, wasu 'yan samari abokan juna ne suka fara shan ruwa tare a kan titi a 2013. Yanzu duk ranar 15 ga Ramadan dubban mutane ke zama a wannan buɗa-baki, matan unguwa su ne masu girki, mutanen unguwa su ne masu karo-karo. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Ba su jira sun yi arziki ba.

Kusa da unguwar Sayyida Zainab akwai asibitin yara masu ciwon daji da ake kira 57357. Sunan ya samo asali ne daga lambar asusun bankin da aka buɗe don tara gudummawa. An buɗe asibitin ranar 7 ga Yuli, 2007, kuma kyauta ake yi wa yara magani. Attajirai sun ba da nasu, amma 'yan makaranta ma sun ba da kuɗinsu na tara. Sabil ne na wannan zamani.

Ni kaina na sha daga wannan randa, don haka ba labarin ji nake ba ku ba. Daren da na fara sauka a wannan gari, Larabcin littafi kawai nake ji, na kasuwa kuwa ko kalma. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ban taɓa gani ba shi ya tarbe ni a filin jirgi, saboda wani ya ce masa wani zai zo. Ya kai ni ɗakinsu a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, inda ɗalibanmu da yawa suke haya. Su shida ne a ɗaki biyu, na zama na bakwai. Suka tuƙa tuwo da 'yar kukar da aka aiko wa ɗayansu daga gida. Kwana uku ya bar karatunsa yana raka ni layin takardar izinin zama. Da na sami kaina, na je da ɗan abin hasafi. Ya mai da mini hannuna. Ya ce: “Malam, ni ma haka aka yi mini. In an ce wani zai zo, kai ma ka je ka tarbo shi.” Na je kuwa, ba sau ɗaya ba. Tun ƙarshen shekarun 1950 Azhar take da unguwar kwanan ɗalibai baƙi a Abbasiyya, wadda ake kira Madinatul Bu'us, amma ba kowa ke samun gurbi ba. Sauran, 'yan'uwansu ne ruwaƙinsu.

Yanzu kuma bari in juya ga ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Ba zan yi muku adalci ba in na nuna muku Alkahira kamar aljanna.

Baƙar fata yakan ji kalmar da ke ƙona rai a kan titi. Wannan gaskiya ce, ɗalibanmu sun sani, 'yan Sudan sun sani. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗalibanmu da aka kwaso a motoci sun yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin rana da ƙura kafin a ɗauke su a jirgi daga Aswan. 'Yan Sudan kuma dubun-dubatarsu suka shigo Alkahira. Wasu Misirawa sun buɗe musu ƙofa. Wasu masu gidajen haya kuwa sun ga kasuwa ta buɗe, suka ninka kuɗin haya a kan wanda ya tsere da rigar jikinsa. A watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi, daga wajen 31 a kan dala ɗaya zuwa kusan 50. Naira ita ma ta sha ƙasa. Ɗalibin da ke jiran aike daga gida ya ji duka ta gaba da ta baya.

Mu ma muna da namu laifin, kuma dole in faɗa. Jama'armu da yawa suna zuwa Alkahira neman magani. Suna zuwa a raunane, ba harshe, ba sanin gari. Akwai matasanmu da ke yi musu tafinta tsakani da Allah, su kwana a asibiti tare da su, in rai ya yi halinsa su yi wanka, su yi salla, su kai makwanci. Allah ya saka musu. Amma akwai kuma masu mai da marar lafiya saniyar tatsa, su haɗa baki a ƙara masa kuɗi don su sami kamasho. Wanda ya yi tafinta ya karɓi ladan aikinsa a fili, halas ya ci. Wanda ya ci amanar majinyaci a ɓoye, ya sani ya zuba guba ne a randar da shi ma ya sha daga cikinta.

To, na san akwai masu tambaya a zuci. Bari in amsa wasu.

Wani yana cewa, ni da nake neman na cefane, me zan ba wani? Ɗan'uwa, ina jin ka. Zamanin ya yi tsanani, ba mai musu. Amma fasinjan nan da ke tara kuɗin mota, nawa ya kashe? Yaron da ya sayo wa tsohuwa gurasa, nawa ya fita daga aljihunsa? Ɗalibin da ya tarbe ni ba shi da ko fam goma na banza. Ƙafarsa ya ba ni, da kwana ukunsa. Akwai mai buƙatar ka karanta masa takardar likita. Akwai mai jego da ke buƙatar a ɗebo mata ruwa. Akwai tsohon da babu abin da yake nema illa a zauna da shi a yi hira bayan la'asar.

Wani kuma yana cewa, yawan taimako yana koya wa mutane zaman kashe wando. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, in taimakon na jefa wa mutum kuɗi ne daga tagar mota a wuce. Amma dubi adashi. Dubi gayya, yadda ake taruwa a gonar wane yau, gobe a ta wane. Kowa yana zubawa, kowa yana kwasa, ba wanda kansa ke ƙasa. Masu sabil ma da suka sa makaranta a saman ruwa sun san abin da suke yi. Suna so marayan da ya sha yau ya zama mai cika randa gobe.

Akwai mai cewa duk wannan aikin hukuma ne. Haka ne, kuma ba za mu sauke mata nauyinta ba. A nan Masar gwamnati ce ke tallafa wa gurasar talaka, gurasar da Misirawa ke kira aish, wato rayuwa. Asibiti da makaranta da ruwan famfo haƙƙinmu ne, mu ci gaba da neman su da babbar murya. Amma kafin famfon ya iso, maƙwabcinka yana jin ƙishirwa yau.

Yanzu sai in dawo kan tamu randar, kamar yadda na yi alkawari.

Ina take? A unguwanni da yawa ruwan leda ya kore ta, wanda ba shi da kuɗin leda kuma sai ya haɗiye yawu. Katanga ta yi tsawo, zaure ya zama gareji. Ciyayyar da iyayenmu suke yi, kowa ya fito da akushinsa ƙofar gida bayan magariba, mai nama da mai lami su sa hannu wuri ɗaya ba wanda ya san na wane ne wane, tana neman zama labari. A ciyayya ne ake gane gidan da ba a ɗora tukunya ba, a rufa masa asiri ba tare da an yi magana ba.

Abin da ya zo a madadinta shi ne yake ba ni tsoro. A tara talakawa a rana, a jera su, a ɗaga waya. A miƙa wa uwar wani mudun shinkafa, a ce ta kalli kyamara ta yi godiya, kafin dare hotonta ya zagaye Facebook da TikTok. Shinkafar ta ƙare cikin kwana biyu. Hoton yana nan, 'ya'yanta za su girma su gan shi. Ni a ganina wannan ciniki ne, an sayi mutuncinta da araha. Wanda ya cika tulu a titin Alkahira bai tsaya ya ga fuskar mai sha ba. Mutanen Kanem ba su bar mana ko sunayensu ba.

Hanyar hubusi kuma ba ta toshe ba. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato tana da ta Zakka da Wakafi. Ko ba ta hannun hukuma ba, mutum zai iya kiran malamai da shaidu da magadansa, a rubuta, a sa hannu. Alhaji, in Allah ya ba ka shaguna goma a Kantin Kwari ko a kasuwar Maraɗi, ware ɗaya. Ka ce hayarsa ta gyaran rijiyar burtsatsen unguwa ce, ko ta maganin masu haihuwa, ko ta ɗalibai. Buhunan da kake rabawa da azumi alheri ne, kada ka daina. Amma azumi wata ɗaya ne, yunwa kuma wata goma sha biyu take yi.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya ƙure mana. Ga saƙona gare ku. Iyayen da ke da 'ya'ya a nan Alkahira, ku kira su a wannan mako, ku tambaye su abin da suka ci, domin da yawansu kunya ba ta barin su faɗa. Ɗalibanmu da ke nan, in an ce wani zai sauka, ku je ku tarbo shi, kuma ku ji tsoron Allah a kan majinyata. Ku kuma da ke gida, a Kano, a Katsina, a Sakkwato, a Zariya, a Maraɗi da Damagaram, da zangon Kumasi da na Accra, kafin ku kwanta yau ku tuna gida ɗaya a layinku da kuka san ana cikin matsi. Kada ku jira su aiko. Ku aika yaro da kwano a rufe, bayan duhu ya yi, gobe ma ku sake. Wanda yake da tsohuwar randa a bayan ɗaki, ya fito da ita, ya wanke, ya kafa ta a ƙofar gida, ya sa wa ɗaya daga cikin yaransa aikin cika ta kowace safiya. Ɗan kaɗan, kullum, ba sai an roƙa ba.

Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da matafiyanmu gida lafiya.